Sara: Yadda Bahaushe Ke Raɗa Wa Zamaninsa Suna

A shekarar 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da wani shiri na gyaran tarbiyyar jama'a a Kano, ta sa masa suna A Daidaita Sahu. Ba daga nesa aka ɗauko sunan ba. Magana ce da duk mai zuwa masallaci ya saba ji daga bakin liman kafin a yi kabbara. Manufar ita ce al'umma ta gyara halinta yadda masallata ke gyara tsayuwarsu. Da aka shiga 2005, aka fara hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, sai gwamnati ta shigo da babura masu ƙafa uku domin jigilarsu. Jama'a ba su jira wani kwamiti ya zauna ya nema wa sabon abin hawan suna ba. Sunan shirin da ya cika gari a lokacin, shi suka liƙa masa.

Gwamnatin ta sauka a 2011, amma kalmar sai ƙara ƙarfi take yi. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, aka hana goyo a kan babur a birnin, babur mai ƙafa uku ya gaje titi gaba ɗaya. Ka tsaya a Bata ko 'Yankura da hantsi, ka kasa kunne. Za ka ji dattijuwa ta ɗaga hannu tana cewa, "Ɗan sahu, Kabuga!" Shi kuma ya rage gudu ya leƙo, "Hajiya, shata za ki ɗauka ko a haɗa ki da wasu?" Jimla guda ta umarni ta koma sunan abu, daga nan baki ya gutsure ta, ta zama adaidaita, mai tuƙin kuma ya zama ɗan adaidaita ko ɗan sahu. Yaron da aka haifa bayan wannan lokaci, idan ya ji liman ya ce a daidaita sahu, ba mamaki abin hawan ne zai fara faɗo masa a rai. Sunan ya ƙetare iyaka ma, domin a Maraɗi da Damagaram haka ake kiransa. A Legas kuwa Keke Marwa suka ce, saboda Buba Marwa da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999, wasu garuruwan kuma Keke Napep, saboda shirin yaƙi da talauci da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. Abu ɗaya ne, amma kowane gari ya kira shi da sunan wanda ya kawo masa shi.

Irin wannan magana ita masu nazarin Hausa ke kira sara: kalma ko salon faɗa da wasu ke ƙagowa, ko su ɗauko tsohuwa su ɗora mata sabuwar ma'ana, ta yi tashe na ɗan lokaci kamar yayin atamfa, daga baya ta shuɗe ko ta samu gindin zama. Ana yawan cakuɗa ta da zaurance, alhali ba ɗaya suke ba. Zaurance wasa ne da gaɓoɓin kalma, wanda yara da 'yan mata suka fi yi: a juya gida ta koma dagi, ko a cusa wata gaɓa a tsakiya ta zama gibida, don kada na gefe ya gane abin da ake tattaunawa. Haka kuma ta sha bamban da Hausar rukuni, wato kalmomin da masu sana'a ɗaya ke amfani da su a tsakaninsu, irin lodi da kamasho a bakin 'yan tasha. Zaurance ɓoyewa yake so. Sara kuwa so take a ji ta, a yi dariya, a ɗauka a kai gaba.

Abin da ya fi jan hankalina game da ita shi ne, duk da kallon shirme da ake yi mata, tana da ƙa'ida mai ƙarfi. Matashin da ya ƙago kalma a majalisar mai shayi bai san sunan ƙa'idar ba, amma a kanta yake gini. Babbar hanya ita ce a ɗauki jimla sukutum, galibi ta umarni, a mayar da ita suna. Hausa ta daɗe da wannan dabara. Da ita aka samar da dafa-duka da fasa-ƙwauri da ci-ma-zaune. Ƙurajen da ke feso wa matashi a fuska lokacin balaga aka ce musu bar-ni-da-mugu. Da dunƙulen ɗanɗano na kanti ya shigo ɗakin girki, mata suka yi masa kirari da ka-fi-zabo. Motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya ta zama a-kori-kura. Hular da ke da baki a gaba, wadda ba ta barin goshi ya taɓa ƙasa a sujada, ta zama hana-salla, kuma har yau ba a samu sunan da ya ture wannan ba.

Duba raka-ni-kashi, wato ƙaramar wayar nan mai maɓallai da 'yar fitila a ka. Masu kunya kan ce raka-ni-banɗaki. Wanda ya raɗa sunan ya san gidan da masai yake can ƙarshen tsakar gida, ya san daren da aka ɗauke wuta, ya san yadda ake laluben buta a duhu. Kamfanin da ya ƙera wayar yana tallar daɗewar cajinta da ƙwarinta, mai saye kuma ya faɗi ainihin amfanin da take yi masa. Akwai tsokana a ciki ga wanda bai kai ga babbar waya ba, akwai kuma yabo, domin ita ce ke rage wa mutum idan babbar ta mutu. Haka shiga-da-alwalarka, sunan da aka taɓa yi wa wasu ƙananan motocin haya. Fasinja ne ke gaya wa ɗan uwansa cewa gudun da direbobin ke yi da cunkoson da ake yi a ciki sun isa mutum ya shirya gamuwa da Mahaliccinsa kafin ya sa ƙafa. Ana faɗa ana dariya, amma gargaɗi ne na gaske daga mutanen da suka ga gawarwaki a bakin hanya. Shi ya sa nake ganin sara hukunci ce da talaka ke yanke wa abin da aka kawo masa ba tare da an nemi shawararsa ba.

Babu inda wannan hukunci ya fi fitowa fili kamar fagen siyasa. A Jamhuriya ta Biyu, da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu bayan zaɓen 1979, Kanawa suka kira ɓangaren Gwamna Abubakar Rimi 'yan santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano kuma 'yan taɓo. Kowanne daga cikin sunayen biyu yana da fuska biyu. Santsi na iya nufin wanda ya zame ya bar gida, yana iya nufin wanda tafiyarsa ba ta da gargada. Taɓo na iya nufin wanda ya maƙale ya kasa gaba, yana iya nufin wanda ya kafe a kan aƙida ba ya gusawa. Don haka mai zagi da mai yabo duk suka samu abin riƙewa, kuma fiye da shekara arba'in bayan haka dattawan Kano na tantance junansu da waɗannan kalmomi biyu. A zamanin Babangida kuma, da aka kawo tsarin zaɓen da masu jefa ƙuri'a ke yin layi a bayan ɗan takara ko hotonsa a ƙirga su a fili, sai aka ce ƙato-bayan-ƙato. Babu wani bayanin hukumar zaɓe da zai fahimtar da mutumin karkara tsarin kamar wannan suna.

Amma kalmar da ta fi kowacce nisan tafiya ita ce tazarce. Asalinta magana ce gajeriya, ta zarce, wato gwamnati ta wuce gaba kada ta tsaya. Ta yi tashe ne a ƙarshen mulkin Janar Sani Abacha, lokacin da jam'iyyu biyar ɗin da ake da su duk suka tsayar da shi ɗan takararsu a 1998. Har wani ɗinkin doguwar riga ta maza sai da ya ci sunan. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin shekarar, shirin ya bi ruwa, amma kalmar ta zauna jiran wani. A 2006, da aka yi yunƙurin gyara tsarin mulki don Obasanjo ya samu wa'adi na uku, ba a sha wahalar neman abin da za a kira yunƙurin ba. Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Mayu. Shekara uku bayan haka sai ga ta a Nijar, inda magoya bayan Shugaba Mamadou Tandja suka ɗauke ta a matsayin takensu. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Agustan 2009, sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 18 ga Fabrairun 2010. A tsawon wannan rikici jaridun da ke fita da Faransanci ma da wannan kalma ta Hausa suke ba da labarin, don babu wata a harshensu da ta kama abin daidai. Yau kuma ta huce. Gwamnan da ya ci zaɓe karo na biyu bisa doka, gidajen rediyo na cewa ya yi tazarce, ba tare da an ji ƙaiƙayin zargi ba. Kalmar da ta fara a matsayin kirari, ta koma tuhuma, ta ƙare a matsayin kalmar labarai ta yau da kullum, duk a cikin shekarun da ba su kai talatin ba.

Akwai kuma ɗafin -iyya, wanda Hausa ta aro daga Larabci, aka san shi a sunayen ɗariƙu irin Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Da aka ɗora shi a kan sunayen 'yan siyasa aka samu Kwankwasiyya da Buhariyya da Gandujiyya, sai ya fallasa wata gaskiya game da siyasarmu: mutum ake bi, ba jam'iyya ba. Rabi'u Musa Kwankwaso ya fita daga PDP ya shiga APC, ya koma PDP, ya wuce NNPP, amma sunan mabiyansa da jar hularsu ba su canza ba. Buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, wanda a Kano ya kankama daga 2003, ya haifar da sojojin baka, mutanen da ke shiga shirin siyasa da dare su kare ubangidansu su caccaki abokin hamayyarsa. 'Yan majalisar da ba sa musa wa gwamna komai kuwa tuni aka ba su sunan 'yan amshin Shata. Ko kalmar Turanci idan ta zo a kan gaɓa, baki kan lanƙwasa ta. Bayan da aka ce zaɓen gwamnan Kano na 2019 bai kammala ba, inkonkulusib ta fito daga takardar hukuma ta shiga hirar majalisa, ana jefa ta a kan duk lamarin da aka bari a rataye.

Sunayen kuɗi kuma wani darasi suke koyarwa, wato yadda sara ke mutuwa. An kashe Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairun 1976, a shekarar da ta biyo baya aka fitar da takardar naira ashirin da hotonsa, ita ce mafi girma a lokacin. Nan take ta zama Murtala. A wancan zamani wanda aka ba Murtala guda ya samu abin kirki. Naira hamsin da ta fito a 1991 aka ce mata Wazobiya, haɗin kalmar kira ta Yarabanci da ta Hausa da ta Ibo. Kafin su akwai jaka, wadda take nufin fam ɗari. Da aka koma naira a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jaka ta zama naira ɗari biyu. A Nijar kalmar na nan da ranta a matsayin jika, wato sefa dubu, kamar yadda dala ke nufin sefa biyar. A Nijeriya kuwa tsadar rayuwa ta cinye waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya. Sisi da taro da ahu da anini sai a karin magana ake jin su. Murtala ma ta kama hanya, tunda yanzu da wuya ta sayi ko ledar fiya wata. Ba wanda ya hana faɗin kalmar, abin da take nufi ne ya rasa daraja. A madadinsu sai ga alat da tiransifa, musamman bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai kayan miya ma sai da ta nemi lambar asusu.

Wahala ma tana samun suna. Ciwon idon da ya ɓarke a Gana a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata, ya ci sunan kumbonsu, har yau idan ido ya yi ja yana ruwa sai a ce afolo ne. Yunwar da ta auka wa Nijar a 1984 zuwa 1985 kuwa ana tuna ta da sunan Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatinsa ta soja ta yi, hatsi ya daina shiga. Tsohon da bai san shekarar miladiyya ba zai iya gaya maka an haifi 'yarsa shekarar wannan yunwa, kuma lissafinsa ba zai kuskure ba.

To sai dai ba zan ce duk abin da sara ta haifar alheri ne ba. Dabarar da ke sa a yi dariya ita ce kuma ke iya yanka. Ƙanjamau an gina ta ne a kan tsarin da ya ba mu mantau da jimrau, daga ƙanjamewa, wato ramewa har ƙashi ya fito. Sunan ya kama bakin mutane nan da nan, amma ya dasa musu hoton cewa mai cutar dole ya zama ƙwarangwal, alhali mutum na iya ɗauke da ƙwayar shekaru yana cikin ƙoshin jiki, kuma mai shan magani a kan kari yana rayuwarsa kamar kowa. Kabari-kusa da aka riƙa faɗa ta fi muni. Wanda ya ji ana kiran ciwo da wannan suna a majalisarsu, da wace zuciya zai je a gwada jininsa? Dalili ke nan da ya sa ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo suka fi son cewa cuta mai karya garkuwar jiki, duk da tsawonta. Haka sunayen kayan maye. Sholisho da roci da gadagi suna da sauƙin faɗa, suna da daɗi a kunne, kuma wannan sauƙi yana rage wa abin muni a idon yaro ɗan shekara goma sha huɗu. A nan sara kan ari aikin zaurance, ta zama labulen da ke hana uwa gane abin da ɗanta ke magana a kai a waya, ga ta zaune kusa da shi. Iyayen da suka toshe kunnensu daga maganar samari don suna ganin ta 'yan iska ce, su ne na ƙarshen sanin abin da ke faruwa a gidansu.

Wannan ya kawo ni ga ƙorafin da dattawa da wasu malamai ke yi, cewa yaran yanzu sun lalata Hausa. Na fahimci damuwarsu, ina kuma tare da su a wani ɓangare, amma ina ganin sun haɗa abu biyu da ba su kamata a haɗa ba. Saurayin da ya ga abokinsa ranar Salla cikin sabuwar shadda ya ce, "Baba, ka ɗau wanka, wallahi ka haɗu," bai ɓata komai ba. Wanka da haɗuwa kalmomin Hausa ne tsantsa, ya dai faɗaɗa musu ma'ana, kuma haka kowane harshe mai rai ke yi. Wanda ya ce mu ware maimakon mu tafi, ko ya kira masu rayuwar nuna isa 'yan ƙarya, da kayan gida ya yi aiki. Ko aron kalma ba laifi ba ne idan an sa mata rigar Hausa. Gaye ta shigo daga Turanci ta haifi gayu da ɗan gayu, kamar yadda tebur da mota da asibiti suka shigo tun zamanin kakanni. Abin tsoron shi ne Ingausa, inda mai magana ke jero rabin jimla da Turanci ba don babu kalmar a Hausa ba, sai don bai san ta ba ko yana jin kunyarta. Mai ƙago sara ya san harshensa har ya iya wasa da shi. Mai Ingausa sau da yawa harshen ne ke suɓuce masa.

Ya kamata kuma masu ƙirƙirar kalmomi a hukumance su lura da abin da titi ke karɓa da abin da yake tofarwa. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta daɗe a bakin masu karanta labarai, amma a shagon gyara kwamfuta ake cewa. Wayar tafi-da-gidanka ta yi farin jini na wani lokaci saboda an gina ta a kan tsohon tsarin nan na umarni, daga baya tsawonta ya sa aka koma ga salula, yanzu ma waya kawai ake cewa tunda ta girke ta ɓace. Yanar gizo kuwa ta zauna daram tare da intanet, domin gajeriya ce kuma tana zana hoto a zuciya. Kalma na rayuwa ne idan akwai gurbin da ta cike, ta yi sauƙi a harshe, kuma abin da take nufi bai gushe ba. Adaidaita ta cika dukkan ukun.

Abin da ke damuna shi ne yawancin waɗannan kalmomi ba a rubuta tarihinsu. Ƙamusun da Bargery ya wallafa a 1934 ya adana mana kalmomi masu ɗimbin yawa da yanzu ba a jin su a bakin kowa, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuma ya fito a 2006, kafin WhatsApp da TikTok su shigo su ninka saurin haihuwar sara da mutuwarta. A da kalma kan ɗauki shekaru kafin ta tashi daga Fagge ta isa Gusau. Yanzu bidiyo ɗaya ya isa ya kai ta Zangon Kumasi da Yamai da Jidda a dare guda, bayan wata uku kuma a neme ta a rasa. Ɗalibai a sassan nazarin harsuna na Kano da Zariya da Sakkwato suna rubuta kundaye a kan irin wannan Hausa, amma kundi a kan kanta ba ya isa ga mai karatu. Abin da ake buƙata shi ne taska guda a intanet, wadda kowa zai iya buɗewa ya kuma ƙara a cikinta, a rubuta kalma, da garin da aka fara jin ta, da shekarar, da rukunin mutanen da ke faɗinta, da jimla ɗaya ta yadda ake amfani da ita. Waɗanda suka ga rikicin santsi da taɓo da idonsu yanzu sun haura sittin, kuma su ne za a fara zuwa wurinsu da na'urar ɗaukar magana.